Yadda Ake Fara Koyon Zane da Fenti a Aji, da Yadda Ake Zaɓen Burushi

Tambayoyi biyu ne suka fi yawa daga waɗanda suka shiga ajin zane ko suke shirin shiga: me zan saya kafin ranar farko, kuma wane burushi ne mai kyau? Da yawa daga cikin masu tambayar sun riga sun je shago, an miƙa musu fakiti mai burushi goma sha biyu, sun biya, sun dawo gida, sai daga baya suka ga cewa biyu ko uku kawai suke ɗauka, su ma ɗin gashinsu yana zuba a kan aiki. Matsalar ba ta ƙarancin kuɗi ba ce, sayen ne aka yi kafin lokacinsa. Irin fentin da za a koyar da kai shi ne ke nuna burushin da za ka saya, shi ya sa matakan da ke ƙasa suka zo a jere, kuma ina ba da shawarar a bi su yadda suke.

Mataki na 1: Zaɓen aji da tambayar malami

Mai son karatu mai zurfi yana da sassan koyar da zane a manyan makarantu, kuma wanda ya fi suna a Arewa shi ne na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, sannan kwalejojin ilimi da dama suna da irin wannan sashe. Wanda kuma yake son koyo a ƙarshen mako zai iya zama a ɗakin aikin wani mai zane. Ko wanne ka zaɓa, ka nemi ganin aikin ɗaliban da suka yi wata uku a wurin, ba aikin malamin kaɗai ba, domin hannun ɗalibi ne ke nuna ko ana koyarwa. Ka lura ko malamin yana ɗaukar burushi ya yi aiki a gaban ɗalibai, kuma ko ɗakin yana da taga mai shigo da haske da iska.

Kafin ka kashe ko sisi, ka tambayi malamin abu uku: da wane fenti za a fara, a kan me za a yi zanen, kuma waɗanne kaya ne ajin ke bayarwa. Wanda yake gudun zana abu mai rai ya faɗa tun ranar farko. Wannan ba zai rage masa komai a koyo ba, domin darussan farko dama a kan tulu, ƙwarya, buta, albasa, gini da itatuwa ake yin su.

Mataki na 2: Tsayar da nau'in fenti ɗaya

Fentin ruwa shi ne mafi sauƙin ɗauka da wankewa, amma ba shi ne mafi sauƙin koyo ba, saboda haske yake ratsa shi, kuma kuskuren da ya bushe ba ya rufuwa. Fosta kala, wanda aka saba da shi a makarantu, da ruwa ake dama shi, yana rufe abin da ke ƙasansa, kuma yana da araha. Akirilik ma da ruwa ake aiki da shi, yana bushewa cikin mintuna kaɗan, kuma da zarar ya bushe ya zama kamar roba, ruwa ba ya sake narkar da shi. Fentin mai yana ɗaukar kwanaki kafin ya bushe, yana ba ɗalibi damar gyara a natse, amma yana buƙatar mai da sinadarin wankewa, kuma ya fi cin kuɗi.

A ganina, wanda aka bar wa zaɓi ya fara da akirilik ko fosta kala, domin mai koyo yana buƙatar fentin da zai bari ya rufe kuskure ya ci gaba.

Gargaɗi: kada ka sayi nau'i biyu a lokaci guda. Kowanne yana da burushinsa da takardarsa, kuma burushin da ya shiga fentin mai bai kamata ya koma fentin ruwa ba, domin maiƙon da ya rage a gashinsa zai hana ruwa kama takarda.

Mataki na 3: Sanin gashin burushi

Burushi sassa uku gare shi: gashi, da ƙarfen wuya mai riƙe gashin, da ƙota. Kusan duk bambancin farashi daga gashin yake fitowa, don haka a nan ya kamata a tsaya a fahimta.

Gashi mai laushi shi ne na fentin ruwa, domin aikinsa ya sha ruwa da yawa ya riƙa sakinsa a hankali. Mafi daraja a wannan sahu shi ne kolinski, wanda ake samu daga jelar wata ƙaramar dabba da ke rayuwa a Saiberiya da arewacin Sin. Yana riƙe ruwa, yana yin tsini, yana komawa yadda yake bayan an danna shi, amma guda ɗaya daga cikinsa yakan fi kuɗin dukkan burushin da mai koyo ke buƙata. Bai dace da ɗalibin farko ba. Akwai kuma gashin kurege da na akuya, masu shan ruwa sosai amma ba su da ƙarfin miƙewa, sun fi amfani wajen jiƙa fili mai faɗi kamar sararin sama. Wanda ake rubuta wa gashin raƙumi a jikin fakiti yawanci ba na raƙumi ba ne, haɗin gashin akuya, doki da kurege ne, kuma shi ne ya fi yawa a fakitin 'yan makaranta masu araha. Ba ya tsayawa da tsini, shi ya sa yara da yawa suke zaton hannunsu ne ba shi da kyau.

Gashi mai tauri shi ne na fentin mai da akirilik mai kauri, domin sai da ƙarfi ake tura irin wannan fenti. Wanda aka saba da shi tun da can, fari mai ɗan kaushi, gashin alade ne, kuma ya kamata mai saye ya san haka, tunda ba kowane mai shago ne zai faɗa ba. Wanda ba ya son amfani da shi yana da madadi mai kyau a gashin roba mai tauri. Ko ba don wannan dalili ba, gashin alade yana yin laushi ya baje idan ya daɗe cikin ruwa, don haka bai cika dacewa da akirilik ba.

Gashin roba, wato nailan ko takalon, shi ne zaɓin da nake ba kowane mai koyo. Ana yin sa mai laushi, ana yin sa mai matsakaicin tauri, ana yin sa mai tauri. Yana jure wa akirilik, wanda ke saurin kashe gashin dabba, asu ba ya cin sa, kuma farashinsa mai sauƙi ne. Aibinsa ɗaya shi ne bai kai gashin dabba riƙe ruwa ba, don haka mai fentin ruwa zai riƙa komawa farantin haɗa launi akai-akai, kuma wannan ba abin damuwa ba ne a shekarar farko.

Ƙota ma tana da magana. Gajeriyar ƙota ta mai aiki a zaune kan tebur ce, kusa da takarda. Doguwar ƙota ta mai aiki a tsaye ce, wanda ya jingina allonsa yana ja da baya domin ya ga aikin gaba ɗaya.

Mataki na 4: Siffa, lamba, da abin da za a saya

Mai tsini, wanda masu shago ke kira rawun, yana jan layi siriri da bakinsa, idan aka danna kuma ya cika fili da cikinsa. Mai faɗin baki, wato filat, yana rufe fili da sauri kuma yana fitar da gefe mai kaifi, kamar kusurwar gini. Filbat faɗi gare shi amma bakinsa zagaye ne, yana da kyau wajen abu mai lanƙwasa kamar cikin tulu. Akwai mai dogon gashi siriri na jan rassan itace da sa hannu, da kuma mai baje gashi kamar mafici, wanda yake jan hankalin sababbin ɗalibai amma amfaninsa kaɗan ne.

Lambar da ke jikin ƙota tana farawa daga ƙanana irin su 000, ta hau zuwa manya irin su 12, 16 da 24. Sai dai kamfanoni ba su haɗu a kan ma'auni ɗaya ba: lamba 8 ta wannan kamfani tana iya zama daidai da lamba 6 ko 10 ta wani, kuma lamba 8 mai doguwar ƙota ta fi lamba 8 mai gajeriyar ƙota girma nesa. Saboda haka idan malami ya ce a sayo lamba kaza, ka nemi ya nuna maka nasa ka ga girman da idonka. Manyan masu faɗin baki kuma da inci ko milimita ake auna su.

Mai fentin ruwa ko fosta kala ya sayi uku, duka na roba mai laushi da gajeriyar ƙota: mai tsini lamba 10 ko 12, mai tsini lamba 4 ko 6, da mai faɗin baki na inci ɗaya ko kashi uku cikin huɗu na inci. Mai akirilik ko fentin mai ya sayi huɗu: mai faɗin baki babba kamar lamba 10 ko 12, mai faɗin baki lamba 6, filbat lamba 6 ko 8, da ƙaramin mai tsini lamba 2 mai laushi. Ya ƙara da burushin fentin gida na inci biyu, wanda ake samu a wurin masu kayan gini, domin shafa farin share fage, wato farin shafin da ake fara yi wa kwali, katako ko yadi kafin a yi zane a kai.

Gargaɗi: kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne tara ƙananan burushi, lamba 0 da 1, bisa zaton cewa da su ake fitar da kyau. Ƙaramin burushi yana sa ɗalibi ya duƙufa kan ƙananan abubuwa tun bai gina siffar gaba ɗaya ba. Ka ɗauki wanda kake jin ya ɗan yi maka girma.

Mataki na 5: Gwada burushi kafin biya

Sabon burushi mai laushi yakan zo da gashi a daskare, saboda an shafa masa ƙaro domin ya tsaya a hanya, kuma ƙaron nan yana iya ɓoye mummunan gashi. Idan mai shago ya yarda, ka tsoma shi a ruwa har ƙaron ya narke, ka girgiza shi sau ɗaya da ƙarfi. Mai kyau zai haɗe ya yi tsini ɗaya. Idan bakin ya rabu biyu ko gashi ya fito a gefe, ka ajiye shi. Sannan ka danna shi a bayan hannunka ka ɗaga, ka ga ko ya miƙe da kansa.

Ka ja gashin a hankali da yatsu biyu. Idan ya biyo hannunka tun a shago, zai ci gaba da zuba a kan zanenka. Ka riƙe ƙarfen wuyan ka murɗa ƙotar, bai kamata ya yi motsi ba. Ka duba ƙarfen ko yana da layin haɗi a tsawonsa, domin wanda aka naɗe aka haɗe yana buɗewa ruwa ya shiga, marar layi ya fi ƙarko.

Gargaɗi: ɗan bututun robar da ke rufe bakin sabon burushi na jigila ne kawai. Idan ka cire shi ka jefar. Mai ƙoƙarin mayar da shi yana karya gashin gefe, kuma idan gashin a jiƙe yake zai yi fumfuna.

Mataki na 6: Launuka, takarda da lissafin kuɗi

Launi shida sun isa: fari, rawaya, ja, shuɗi, ruwan ƙasa mai ja-ja, da rawaya mai kama da ƙasa. Kamfanoni masu inganci suna rubuta lambar sinadarin launi a jikin bututu, kuma ita ta fi sunan amfani wajen saye: PW6 shi ne fari mai rufewa, PB29 shi ne shuɗi irin na bula, PBr7 ruwan ƙasa ne, PY42 ko PY43 kuma rawaya mai kama da ƙasa. Mai akirilik da mai fentin mai su sayi babban bututun fari, domin yana ƙarewa kafin sauran. Baƙi ba dole ba ne da farko, haɗin shuɗi da ruwan ƙasa yana ba da duhu mai kyau wanda bai mutu ba.

Fenti daraja biyu ne, na ɗalibai da na ƙwararru. Kamfanin Winsor & Newton, alal misali, yana da Cotman a fentin ruwa, Galeria a akirilik, da Winton a fentin mai, duka domin masu koyo, haka nan Daler-Rowney yana da System 3 da Georgian. Irin waɗannan sun wadatar. Kusan duk kayan daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin canjin kuɗi, don haka ka rubuta jerinka ka tambaya a shago biyu ko uku, musamman na kusa da makarantun da ke da sashen zane. Ɗalibai biyu ko uku za su iya haɗa kuɗi su sayi manyan bututu su raba, amma burushi kowa ya riƙe nasa.

Mai fentin ruwa kada ya yi rowa a takarda. Mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita tana ɗaukar ruwa ba ta cika kumbura ba, mai giram 190 kuma sai an jiƙa ta an manne gefenta a katako ta bushe kafin a fara. Takardar buga rubutu ba ta yin wannan aiki ko kaɗan. Mai akirilik ko fentin mai zai iya koyo a kan kwali mai kauri, falankin katako ko yadi mai ƙarfi da aka ɗaure a firam, bayan an shafa masa farin share fage sau biyu ko uku. Ɗalibai da yawa suna haɗa nasu da farin fentin bango da farin gam na kafinta, kuma ya isa aikin gwaji.

Sauran kayan a gida suke: kwalba biyu na ruwa, ɗaya ta wanki ɗaya ta damawa, farin faranti ko tayil na haɗa launi, tsumman auduga, fensir HB da 2B, da tsohuwar riga.

Gargaɗi: kada a shafa fentin mai a kan yadi ko takardar da ba a share mata fage ba, domin man yana shiga zare ya ruɓar da shi a hankali.

Mataki na 7: Sabawa da hannu, sannan haske da duhu

Makon farko na sanin burushi ne. Ka ɗauki kowanne ka cika takarda da layuka: da baki, da gefe, da ciki, a jiƙe sosai, sannan da ɗan fenti kaɗan. Ka riƙe shi daga tsakiyar ƙota ko sama, motsin ya fito daga gwiwar hannu da kafaɗa, sai wajen ƙananan abubuwa ne za ka sauko kusa da ƙarfen. Wajen ɗibar fenti, rabin gashin kawai ya shiga. Fentin da ya kai gindin gashi ya bushe a cikin ƙarfe shi ne ke baje bakin burushi har abada.

Bayan haka sai darasin da ɗalibai suka fi ƙosawa da shi, alhali shi ne ginshiƙin aikin. Ka zana akwati biyar a jere, ka cika su da launi ɗaya daga mafi haske zuwa mafi duhu, tazarar kowane biyu ta zama daidai. Sannan ka ajiye tulu kusa da taga, haske yana zuwa masa daga gefe ɗaya, ka zana shi da wannan launi ɗaya tak. Ka riƙa lumshe ido kaɗan idan kana kallonsa, ƙananan abubuwa za su ɓace, wuraren haske da na inuwa su fito fili. Zanen da haskensa da duhunsa suka yi daidai yana tsayawa ko da launinsa ya kauce, wanda kuma suka lalace babu launin da zai tashe shi.

Daga nan a shiga haɗa launi: rawaya da shuɗi su ba da kore, ja da rawaya su ba da ruwan lemo, ja da shuɗi su ba da shunayya. Kullum ka zuba mai duhu kaɗan-kaɗan a cikin mai haske. Idan ka haɗa fiye da uku, yawanci ruwan laka za ka samu. Ka tuna cewa fentin ruwa yana ƙara haske idan ya bushe, akirilik kuma yana ɗan ƙara duhu, don haka ka gwada a gefen takarda ka jira.

Gargaɗi: kada ka gyara tsinin burushi da leɓe, kuma kada ka ci abinci da fenti a hannu, domin wasu launuka suna ɗauke da sinadarai masu guba kamar kadmiyam.

Mataki na 8: Zanen farko mai launi

Ka jera abu biyu ko uku kawai. Ka fitar da siffarsu da fensir a hankali ba tare da dannawa ba, sannan ka ɗauki babban burushi ka rufe manyan filaye, har da bayan kayan, kafin ka taɓa wani ƙaramin abu. A fentin ruwa daga haske ake tafiya zuwa duhu, farin takarda shi ne farinka, kuma sai shafi ya bushe ake ɗora wani. A akirilik da fentin mai ana fara duhu da fenti marar kauri, a ƙare da haske mai kauri. Mai fentin mai ya kiyaye ƙa'ida ɗaya: kowane shafi na sama ya fi na ƙasansa maiƙo, in ba haka ba na saman zai riga bushewa ya tsattsage. Ƙaramin burushi sai a ƙarshe. Duk bayan ɗan lokaci ka ja da baya taku uku ka duba, kuma idan malami ya zo, ka tambaye shi abin da ya fi buƙatar gyara guda ɗaya.

Gargaɗi: lokacin hunturu da bazara akirilik yana bushewa a faranti kafin a gama haɗa shi. Ka matsa kaɗan-kaɗan, ka guji zama ƙarƙashin fanka, ka riƙa fesa masa ruwa. Zanen fentin mai kuma ka jingina shi fuskarsa tana kallon bango ba tare da ta taɓa ba, domin ƙurar hunturu idan ta manne ba ta fita.

Mataki na 9: Wanke burushi da ajiye shi

Burushi ya fi mutuwa bayan aiki fiye da lokacin aiki. Kada ka bar shi tsaye a kan gashinsa cikin kwalbar ruwa ko na ɗan lokaci, domin bakin zai lanƙwashe, ƙotar ta sha ruwa ta kumbura, ƙarfen ya saki. Idan kana aiki da akirilik za ka canja burushi, ka ɗauraye wanda ka ajiye ka kwantar da shi a kan jiƙaƙƙen tsumma.

Idan an tashi, ka fara goge fentin da tsumma daga gindin gashi zuwa baki. Ka ɗauraye da ruwan sanyi ko mai ɗan ɗumi, ka goga shi a kan sabulun wanka marar ƙarfi, ka juya shi a tafin hannu a hankali, ka matsa gindin gashin da yatsu, ka maimaita har kumfar ta fito fara. Ruwan zafi yana sassauta gam ɗin da ke riƙe gashi, garin sabulun wanki kuma yana busar da gashin dabba. Mai fentin mai ya fara da sinadarin wanke fenti ko kananzir a wuri mai iska, nesa da wuta, sannan ya bi da sabulu. Ban da fetur, kuma a wannan karon ya juya burushin a cikin murfin roba maimakon tafin hannu.

Bayan wanki ka gyara bakin da yatsu ya koma siffarsa, ka kwantar da shi ya bushe a inuwa. Sai ya bushe sarai za ka tsayar da shi a kwalba, gashi yana sama. Wajen zuwa aji ka naɗe su a tabarmar gora ƙarama ko yadi mai kauri, kada ka jefa su cikin jaka haka nan. Mai gashin dabba idan zai daɗe a ajiye a sa masa kafur saboda asu. Wanda bakinsa ya riga ya baje kada a jefar, yana amfani wajen dama launi da fitar da kaushin bango ko ciyawa.

Gargaɗi: tsumman da ya sha man fenti yana iya kama wuta da kansa idan aka dunƙule shi aka tara a wuri mai zafi. Ka shanya shi a waje ya bushe, ko ka tsoma shi a gwangwani mai ruwa ka rufe kafin a zubar.